Ɗaga Tsohuwar Mota a Kan Lif a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Injin ɗaga mota, wanda kanikawa ke ce wa lif, ya fara yawaita a garejojin Zariya, musamman wuraren juyen mai da saitin ƙafa na Sabon Gari, Kwangila da hanyar Samaru. A gefe guda kuma ga masu tsofaffin motoci: wanda ya gaji 504 ta mahaifinsa, wanda ya tsinci Beetle a bayan gidan wani tsohon malamin jami'a ya saya, wanda yake son Land Rover ta sake hawa titi. Duk lokacin da irin wannan mota ta tsaya gaban lif, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa. Ga su nan da amsoshinsu, don mai mota da bakanike da yaron gareji.

Wace mota ce tsohuwa a wannan magana?

Duk wadda ta haura shekara 30 ta shigo ciki, amma waɗanda aka fi gani a nan sanannu ne. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 ta biyo ta a 1968, kuma daga 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a nan Kaduna, shi ya sa da wuya ka sami gidan ma'aikaci a Zazzau da bai taɓa ajiye ta ba. Volkswagen Beetle a Legas aka riƙa harhaɗa ta a wancan zamanin. Mercedes W123, mai lamba 200 ko 230, an yi ta daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Sai Land Rover ta da, ta malaman gona da na daji. Da yawa daga cikinsu da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ko bashin mota na gwamnati aka saye su, suka yi shekaru suna cin hanyar jar ƙasa rani da damina, sannan aka jingine su a gindin bishiya.

Oga, lif ɗin nan kullum yana ɗaga manyan jif-jif. Me zai gagare shi a 504?

Nauyi ba zai gagare shi ba. Salun ɗin 504 ba ta wuce kilo 1,200 da 'yan kai ba, Beetle wajen kilo 800 ce, W123 kuwa kusan 1,400. Lif mai ginshiƙi biyu da ake sayarwa yawanci na tan 4 ne. Ba ƙarfin lif ake tsoro ba, ƙarfin motar ake tsoro.

Lokacin da mota take tsaye a kan tayoyinta, nauyinta yana bi ta sifirin ya sauka a wuraren da aka ƙera domin hakan. Da zarar hannuwan lif sun shiga ƙarƙashinta, duk wannan nauyi ya koma kan wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannu faɗi ba. Motar kilo 1,200 ke nan kowane wuri yana ɗauke da wajen kilo 300, kuma ba a raba shi daidai, gefen inji ya fi shan kaya. Sabon ƙarfe ba ya ko jin wannan. Ƙarfen da ya shekara 45 kuwa wani abu ne daban, domin tsatsa daga ciki take cin sa, yadda gara ke cin azara: daga waje ka gan ta lafiya ƙalau, ka danna da yatsa ta burme. Idan wuri ɗaya cikin huɗun ya burme alhali mota tana sama da kan mutum, sauran ukun ba za su riƙe ta ba, karkacewa za ta yi ta zame.

Saboda haka tambayar farko ba "tan nawa lif ɗinka yake ɗauka?" ba ce. Tambayar ita ce, ƙarfen da za a sa wa hannu yana nan da ransa?

Ai Zariya ba bakin teku ba ce. Daga ina tsatsar za ta zo?

Gaskiya ne motocinmu sun fi na Legas da Fatakwal sa'a, kuma ba ma zuba gishiri a titi yadda ake yi a Turai lokacin ƙanƙara. Amma damina a nan daga Mayu take har Oktoba, kuma jar laka idan ta shige cikin ƙarfen dokin ƙofa ko cikin shasi ba ta fita. Ta toshe 'yan ramukan da aka bari don ruwa ya tsiyaye, ta riƙe danshi wata da watanni. Ƙara da robar gilashi da rana ta busar, ruwa yana ɗiga ƙarƙashin kafet ba wanda ya sani. Beetle batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, ruwan batir yakan cinye farantin wurin. Motar da aka ajiye kan ciyawa ko gindin dalbejiya ta fi wadda ake hawa kullum ruɓewa. Wadda kuma aka shigo da ita daga Beljiyam ko Jamus, da tsatsar gishirinta ta zo.

To yaya zan gane ƙarfe mai lafiya da maras lafiya?

Da ido, da kunne, da hannu, kuma tun mota tana ƙasa. A fara wanke ƙarƙashinta a bar ta ta bushe, laka tana ɓoye komai. Sannan ka kwanta da tocila da ƙaramar guduma da sukundireba. Ƙarfe mai lafiya idan ka ƙwanƙwasa yana amsawa da ƙara mai zaƙi. Wanda ya ruɓe yana yin "ɗuf", wani lokaci har ka ji ɓarɓashi yana zuba a ciki. Inda ka ga fenti ya kumbura ko ƙarfe ya yi bawo-bawo, danna sukundireba da ƙarfinka. Kada ka ji tausayin motar. Gara sukundireba ya huda ta a ƙasa da hannun lif ya huda ta a sama.

Akwai yaudarar masu gyaran bodi. Wani ya taɓa cika rami da fila, ya shafe da baƙin fenti mai kauri, wurin ya yi sumul kamar sabo. Maganaɗisu zai tona asirin, ba ya kama fila. Haka facin walda da aka ɗora kan tsohon ƙarfe aka ɗiɗɗiga masa wuta nan da can: yana rufe rami, amma ba ya ɗaukar kaya. A Land Rover kada maganaɗisu ya ruɗe ka, bodinta dama na alminiyom ne. Shasin ne na ƙarfe, kuma shi za ka bincika, musamman ƙananan hannuwan da suka fito daga gefensa da ƙarfen gicciye na baya.

Idan ko wuri ɗaya cikin huɗun ya ba ka shakka, motar nan ba ta hawa lif mai hannuwa sai an gyara.

Wane irin lif ne ya fi dacewa da ita?

Mai ginshiƙi huɗu, wanda mota ke hawa da tayoyinta. A ra'ayina wannan ba abin jayayya ba ne. Motar tana zaune yadda ta saba zama, babu abin da ya taɓa cikinta, kuma yawancin aikin da ake yi wa tsohuwar mota, duba yoyon mai, salansa, bututun burki, furofela, giris, duk ana yin su a haka. Idan sai an cire taya, akwai ƙaramin jak da ke tafiya tsakanin dogayen farantan, a ɗaga da shi ta aksil.

Mai ginshiƙi biyu ya fi daɗin aikin ƙafa da burki, kuma shi ya fi yawa a gari saboda ya fi araha kuma bai cin wuri. Amma shi ne mai buƙatar duk binciken da aka ambata. Mai almakashi, wanda ke tura mota ta dokin ƙofa da dogayen faranti, shi ne na ƙarshe a wajena, don daidai inda tsofaffin motoci suka fi ruɓewa yake dannawa.

Idan mai ginshiƙi biyu kaɗai ke akwai, ina ake sa hannuwan?

Ya danganta da ƙirar motar, kuma nan ne aka fi kuskure, domin yaron da ya koyi aiki a kan Corolla da Civic ya saba tura hannu ƙarƙashin dokin ƙofa ba tare da ya leƙa ba.

Land Rover tana da shasi daban, bodi daban. Hannuwa a kan dogayen ƙarafan shasin ake sa su, a wuri miƙaƙƙe, ba inda ya lanƙwasa ba. Shasin ya shige ciki sosai kuma yana sama, don haka sai an ƙara wa hannuwan tsawo da ƙarafan ƙari na lif ɗin, in ba haka ba hannun zai daki bodi ko tanki kafin ya kai. Mai lamba 88 gajeriya ce, mai 109 doguwa, kowacce da inda nauyinta yake, kada a yi musu awo ɗaya.

Peugeot 404 da 504 salun da Mercedes W123 bodinsu da shasinsu abu guda ne. A ƙarƙashinsu akwai wuraren da aka ninka ƙarfe: ƙarafan da suka taso daga ɗakin inji suka bi ƙarƙashin ƙafar direba, da kusa da inda ƙafar baya ta kama bodi. Nan ake nema. W123 tana da ramukan jak guda huɗu a dokin ƙofa, kuma ƙarƙashinsu wurin ɗagawa ne idan suna da lafiya, sai dai fa waɗannan ramukan suna cikin wuraren da suka fi saurin ruɓewa a motar. A leƙa cikinsu da tocila. Idan littafin motar yana nan a cikin akwatin gaba, kamar yadda tsofaffin ma'aikata suka saba adanawa, a buɗe shi, hoton wuraren yana ciki.

Beetle ita ce mai rikici. Injinta a baya yake, nauyinta ya fi yawa a baya, kusan kashi 60 cikin 100. Ƙashin bayanta shi ne ramin ƙarfen da ya ratsa tsakiya, farantan ƙasa da ke gefensa kuwa sirara ne, ba sa ɗaukar komai. A baya ana neman kaurin bututun da sifirin ɗinta yake ciki, gaban tayar baya kaɗan. A gaba ana neman inda ƙarfen gicciye ya haɗu da bodi, ko a tallafe ta ta bututun ƙafar gaba. Matakalar gefe ado ce. Dokin ƙofarta kuma bututu ne da iskar ɗumi ke bi daga inji zuwa cikin mota, kuma yawancinsu sun ruɓe. A lif ɗin da hannuwansa na gaba gajeru ne, sau da yawa ya fi kyau a shigar da ita da baya domin nauyin ya faɗa tsakanin ginshiƙan.

Wuraren da ba a sa wa hannun lif a kowace mota: farantin da ƙafafu ke takawa, tankin mai, kaskon baƙin mai, salansa, bamba, da sandunan sitiyari. Kafin a matse, a duba ko bututun burki ko na fetur ya bi ta wurin. A tsofaffin motoci an sha sauya musu hanya, mai gyara ya ɗaure su inda ya ga dama.

Motar Baba ta fi shekara goma a ajiye a gida cikin birni. Me za mu yi kafin mu kai ta gareji?

Allah ya jiƙan Baba idan ya rasu, ya ƙara masa lafiya idan yana raye. Da farko ku buɗe ƙofofi da bonet da but daga nesa-nesa, ku bubbuga da sanda. Maciji, kunama, rina da ɓeraye duk suna son irin wannan wuri. Ku cire batir idan yana ciki. Ku ba tayoyi iska ko ku aro wasu, domin motar da ta zauna a kan rim hannun lif ba zai shiga ƙarƙashinta ba.

Ku ɗauka ba ta da burki ko kaɗan har sai an tabbatar. Man burki yana shan danshi, robobin ciki suna mutuwa, wani lokaci kuma burkin ya manne da ganga taya ta ƙi juyawa. Kada a tayar da ita a ce za a hau lif da ita da injinta. A tura ta da hannu ko a ja ta da igiya a hankali, mutum ɗaya a sitiyari, wani yana biye da waigi a hannu. Idan kun ji warin fetur, a nemo inda yake fita kafin komai, kuma a gaya wa mai walda na kusa ya dakata.

Yaya ɗagawar take daga farko zuwa ƙarshe?

A sauke kayan da ke but da cikin mota, tsofaffin motoci sukan zama rumbun ajiya. A daidaita ta a tsakiyar ginshiƙan, tazarar dama da hagu ɗaya. A motar da injinta ke gaba, tsakiyar nauyi yana wajen kujerar direba, shi ake so ya yi daidai da ginshiƙai. A rufe ƙofofi. A sa hannuwa huɗun, a murɗa tafin kowanne har duk su kusa taɓa ƙarfe lokaci guda, sannan a ɗaga kaɗan su kama. A tsaya, a durƙusa a duba huɗun ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar haƙoran da ke hana hannuwa lilo sun shiga.

Sai a ƙara ɗagawa har tayoyi su bar ƙasa da kamar santimita 15 zuwa 20. A nan ake gwaji. A kama bamba ta baya a girgiza sama da ƙasa da ƙarfi, a koma gaba a yi haka. A kashe rediyo a saurara. Ƙarar ɓarɓashi, ko "ƙas-ƙas", ko ka ga ƙarfe ya lotsa a kan tafin hannu, ko wani hannu yana motsi ba kaya a kansa, duk alama ce ta a sauke a sake. Faɗuwa daga wannan tsayin ba ta kashe kowa.

Idan ta zauna daram, a ci gaba, ido a kan mota, kunne a kan sakatun ginshiƙan biyu, wato ƙarafan da ke kulle lif don kada ya sauko. Ya kamata su riƙa ƙara tare. Idan ɗaya yana riga ɗaya, gefe guda yana gaba ke nan, wayoyin da ke daidaita su na son saiti. Da an kai tsayin da ake so, a sassauto ta ta zauna a kan sakata. Mutum ɗaya ne yake riƙe da maɓalli tun daga farko har ƙarshe, kuma kafin ya sauke sai ya zagaya da kansa ya ga ba mutum, ba jarka, ba akwatin sifana a ƙasa.

Dole ne sai an zaunar da ita kan sakata? Aikin minti biyar ne fa.

Dole ne. Man haidurolik ɗagawa ne aikinsa, riƙewa aikin sakata ne. Tiyo yana fashewa ba sallama, kuma a garejinmu da rana ke dukansa shekara da shekaru ya fi saurin yi. Lif ɗin da aka ɗaure sakatarsa da waya don wai ƙararta na damun mutane ko tana ɓata lokaci, kada ka bari motarka ta hau shi, kada kuma ka bar ɗanka ya koyi aiki a wurin.

Haka idan an kira salla. Kafin kowa ya nufi masallaci a tabbatar tana kan sakata, a kashe wutar lif. Inuwar mota a sama tana jan yara masu talla da almajirai, a bar wani a wurin ko a kewaye da igiya.

Idan aka ɗauke wuta mota tana sama fa?

Ba za ta faɗo don an ɗauke wuta ba. Matsalar saukewa ce. Lif na haidurolik da nauyin mota yake sauka, amma idan tana zaune kan sakata sai an ɗan ɗaga ta kafin sakatar ta saki, wannan kuwa sai da wuta, ko famfon hannu idan lif ɗin yana da shi. Kada a sa ƙarfe a ɓanɓare sakata da ƙarfi. A jira wuta ko a kawo janareta mai ƙarfi. Injin lantarkin irin wannan lif yana kai kilowat 2.2, kuma lokacin tashi yana jan ninkin hakan, ƙaramin janaretan gida ba zai tayar da shi ba. Wanda bai da janareta kada ya ɗaga motar da mai ita yake jira ya tafi da ita yau.

Za mu sauke inji ko giya tana sama. Akwai damuwa?

Akwai, kuma babba. Ka daidaita mota da nauyinta gaba ɗaya, sai ka cire kilo 150 ko fiye daga gefe guda, ɗaya gefen ya rinjaya. A Beetle abin ya fi muni saboda motar ba ta da nauyi, kuma injinta ta ƙasa yake fita: da ya rabu da giya, bayanta ya yi sakayau. Kafin a kwance noti na ƙarshe a kafa dogayen madogaran ƙarfe a gaba da baya, ko a ɗaure motar da hannuwan lif da bel mai ƙarfi. Haka idan za a ja noti mai taurin kai da dogon bututu. Tsofaffin notuna ba sa kwancewa da lallashi, kuma fizgar ƙato ɗaya tana iya gusar da mota daga kan tafi. Irin waɗannan a sassauta su tun tana ƙasa.

Da muka ɗaga sai ƙofa ta ƙi buɗewa. Da muka sauke kuma tayoyin baya sun karkace.

Abu biyu ne daban. Ƙofar da ta cije alama ce bodi ya lanƙwasa, wato ƙarfin dokin ƙofa ya ragu ko hannuwan sun yi kusa da juna. A sauke, kada a tilasta ƙofar, gilashin gaba ma yana iya tsagewa. Karkacewar tayoyin baya a Beetle kuwa ba komai ba ce, haka ƙafarta take, tura ta 'yan taku za su koma daidai. Abin da ya kamata a lura da shi lokacin da ƙafafu ke rataye shi ne tiyon burki na roba. Idan shokozoba ya mutu ko an sa wanda ba nata ba, ƙafar takan sauka fiye da ƙima ta ja tiyon har ya tsage.

Zan iya ɗora katako a kan hannun lif don kada ya ɓata fenti ko don ya kai?

Don kare fenti, tafin roba mai kyau ya isa, a goge masa mai da giris. Don ƙara tsawo, a'a. Katako yana tsagewa, yana mirginawa, tarin guntaye kuwa ya fi kowanne haɗari. Ƙarafan ƙari da suka zo da lif ɗin ake amfani da su. A kan jak na ƙasa dai ana iya sa faffaɗan katako mai tauri, irin maɗaci, don ya baza nauyin.

Unguwarmu ba lif. Jak da bulo ba za su yi ba?

Jak zai ɗaga, amma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti kuwa ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, rugujewa yake yi gaba ɗaya. Tarin duwatsu da rim a tsaye su ma haka. A sami madogaran ƙarfe masu ƙafafu, a kafa su a kan daɓe ko faffaɗan katako, don ƙasar damina tana nutsewa. A sa waigi gaba da bayan tayoyin da suka rage a ƙasa, tayar da aka cire kuma a tura ta ƙarƙashin motar a kwance.

Masu Land Rover su kula da wannan: burkin hannunta ba tayoyi yake kamawa ba, bayan giya yake kamawa. Da ka ɗaga tayar baya ɗaya, motar tana iya gangarawa ko da ka ja shi har ƙarshe.

Ramin gareji fa, irin na da?

Ga tsohuwar mota rami ya fi lif mai hannuwa aminci, tunda tana kan tayoyinta. Nasa haɗarin daban ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya taru a ƙasan rami, kuma motoci masu kafireto ba sa rabuwa da ɗigo. Ba taba, ba ashana, ba walda sai an tabbatar iska ta share shi. Kada a bar inji yana aiki mutum yana ciki. A kuma duba faɗinsa, Beetle siririya ce, ramin da aka haƙa don manyan motoci zai iya haɗiye tayarta.

Ina son in sa lif a garejina. Na hannu zai yi?

Zai yi idan ka san abin da kake saye. A nemi farantin da ke ɗauke da sunan kamfani da nauyin da yake ɗauka, idan babu shi a haƙura. A duba sakata, wayoyi ko sarƙa, tiyo, da ko an taɓa yi wa hannu walda. Da yawa daga cikin na Turai ba na haidurolik ba ne, doguwar sanda ce mai zare da babban noti ke hawa, da wani noti na biyu a ƙasansa na ko-ta-kwana. Idan na farkon ya cinye, sai an sauya shi. Yawancinsu kuma wuta mai layi uku suke ci, ka tambaya kafin ka biya.

Daɓe ya fi lif ɗin kansa muhimmanci, domin mai ginshiƙi biyu ƙusoshin da ke cikin kankare ne kaɗai ke hana shi kifewa. Masu ƙerawa suna neman kauri daga santimita 10 zuwa 15 ko fiye, gwargwadon lif ɗin, kankare mai rodi da ya kwana 28 yana bushewa, ba tsaga a kusa. Daɓen shago na yau da kullum bai kai ba, kwalta da bulon shimfiɗa kuwa ba a ma maganarsu. Rufin ya kai wajen mita 3.7 idan lif ɗin mai gada a sama ne. A Ingila duk wata 6 ake binciken irin waɗannan injuna, a Amurka aƙalla sau ɗaya a shekara. Mu da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, a riƙa share sakata da ginshiƙai ana sa musu mai, a kuma gwada ƙusoshin ƙasa da sifana lokaci-lokaci.

Za a iya barin ta a sama ta kwana, ko ta yi wata ana jiran kaya daga Kano?

Kwana ɗaya a kan sakata ba laifi, amma an fi so a sassauto ta kusa da ƙasa. Wata guda a kan hannuwa bai dace da tsohon bodi ba, ga robobin ƙafa a rataye. Mai ginshiƙi huɗu ne ake ajiya a kansa.

Akwai wani haɗari a ƙarƙashinta ban da faɗowa?

Ƙurar burki da ta kuloci. Motocin wancan zamani da asbestos ake yi musu waɗannan kaya, kuma shaƙarsa tana jawo ciwon huhu da kansa bayan shekaru masu yawa. Kada a hure ganga da iskar kwamfuresa ko da baki, a jiƙa tsumma a goge. Ɓarɓashin tsatsa kuma yana zubowa cikin ido da zarar an taɓa guduma, tabarau na aiki ba tsada gare shi ba.

Idan ta fara zamewa, me za a yi?

A gudu, ta gefen da ba ta nufa ba. Ba mai iya tare mota da hannu. Idan ta danne wani, a kira jama'a, a ɗaga da jak biyu ko fiye ana cusa katako yayin da take tashi, kada a ja shi da ƙarfi tana kansa. A kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa ba komai, domin zubar jini ta ciki ba ta nuna kanta da wuri. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122 ce.

Ni mai mota ne, ba bakanike ba. Ya dace in tsaya a kansu? Kada Oga ya ga kamar na raina shi.

Ka tsaya, Alhaji, a ɗagawar farko dai. Ka gaishe shi, ka gaya masa shekarun motar da tsawon zaman da ta yi, da duk wurin da ka san an taɓa yi wa walda ko ta taɓa buguwa. Ka roƙe shi ya sa hannuwan da kansa, kada ya bar wa sabon yaro. Ku ɗauki hoton dokin ƙofa da ƙarƙashinta da waya kafin a fara, ku kuma yi magana a kan wanda zai ɗauki gyara idan wani wuri ya lotsa. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, shi ma ya fi son ya ji tarihin motar kafin ya sa kansa ƙarƙashinta. Da ta fara tashi ka koma bayan ginshiƙi, kada ka shiga ƙasa sai ya ce maka ta zauna kan sakata.